Yadda zaka gano dangi da aikin furotin mai shigar da kaya da fitarwa a jikin bakteriya, daga laftof har zuwa lab

Wannan rubutun na kannena ne masu karatun kananan halittu, na KASU da Kadpoly da wadanda ke ABU Zariya, musamman yan shekarar karshe da malam ya ba furojet akan dalilin da yasa magani ya daina kashe bakteriya. Mafi yawanku abinda kuke yi shine a debo samfur na fitsari ko ruwan rijiya ko na mayanka, a shuka a faranti, a dora takardun magani a auna da rula a rubuta cewa kaza da kaza basa jin magani, shikenan. Wannan aiki ne mai kyau amma ya tsaya a rabin hanya, domin bai fadi ta yaya ba. Kuma daya daga cikin manyan amsoshin ta yaya din yana zaune ne a tantanin da ya lullube kwayar, wato furotin din da ke shigar da abu ko fitar dashi.

Kafin mu taba kwamfuta ka rike wannan. Tantanin nan na kitse ne, rubi biyu, kuma sukari da gishiri da amino asid da yawancin abinda kwayar ke bukata basa iya ratsa shi da kansu. Kamar ganuwar birnin Zariya ce a da, in ba ta Kofar Doka ko Kofar Gayan ko wata kofar ba to baka shiga. Furotin din da muke magana sune mashigar. Wasu rami ne kawai, abu ya gangara daga inda yake da yawa zuwa inda yake kadan. Wasu suna kama abu su juya su sake shi a daya bangaren, suna cin karfin furoton (wato haidurojin mai caji, H+, ba furotin ba) da ke son komawa ciki, abinda Peter Mitchell yayi bayani a 1961 har ya samu kyautar Nobel a 1978. Wasu kona ATP suke kai tsaye, wato sinadarin da kwayar ke ajiye karfinta aciki, irinsu dangin da ake kira ABC. Sai kuma tsarin PTS da aka gano a 1964, shi yana makala wa sukari fosfet ne lokacin da yake shiga, ta yadda ba zai iya komawa waje ba. Duk aikin da zamu yi a kasa shine gano wanne ne naka acikin wadannan, daga ina ya fito, kuma me ake kyautata zaton yana dauka.

Abinda kake bukata kadan ne: laftof ko da tsohuwa ce, data, da littafi na rubutu. Matakai hudun farko ma a waya suna yiwuwa. Kayi caji ya cika kafin ka zauna, kuma duk sakamakon da ya fito ka ajiye shi nan take, kar ka ce sai anjima, wuta bata sallama in zata tafi.

Mataki na farko, samo jerin haruffan furotin din. Shawarata kar ka fara da naka na furojet, fara da wanda duniya ta riga ta san amsarsa dan ka gane ko hannunka na tafiya daidai. Bude UniProt, rumbun bayanan furotin ne a intanet, ka rubuta P02920, zai kawo maka LacY na Escherichia coli, wanda ke shigar da sukarin madara. Amino asid 417 ne. Ka sauke shi a tsarin FASTA, layin farko yana farawa da alamar > sannan suna, sauran kuma haruffa ne zalla, zaka ga ya fara da MYYLKNTNF. Sannan ka nemo TetA na Tn10 (Tn10 guntun DNA ne da ke dauke da kwayar gadonsa), mai amino asid 401, shine famfon da ke fitar da tetrasaikilin, kafso din nan ja da yalo da ake saya a kemis ana kuma zubawa kaji a ruwan sha. Kullum ka zabi wanda aka rubuta Reviewed a gefensa, mutum ne ya duba shi, sauran na'ura ce ta lika masu suna. Ka liƙa su a Notepad ba a Word ba, Word yana saka wasu alamomi a boye da suke bata aiki daga baya.

Mataki na biyu, kirga sandunan da suka ratsa tantani. Tunda tantani kitse ne, duk bangaren furotin da zai zauna acikinsa dole ya zama na amino asid masu kin ruwa, irinsu L, I, V, F, A, kuma wajen guda 20 a jere ake bukata kafin su ketare daga wannan gefe zuwa wancan. Ko da ido kana iya hango su, duba farkon LacY kaga yadda F suka taru. Amma ka kai shi shafin TMHMM ko sabon nasa DeepTMHMM, na wata jami'a ce a Denmak kuma kyauta ne, ka lika ka tura. Hoto zai fito da tudu tudu, kowane tudu sanda daya. LacY sanduna 12 ne, TetA ma 12. In na'urar ta baka 11 kar hankalinka ya tashi, tana tsallake daya wani lokacin, musamman sandar da ke da amino asid mai caji a tsakiya, kuma sau da yawa irin wannan sandar ce ma take rike kayan da ake dauka, saboda haka in ka ga D ko E ko R ko K a tsakiyar sanda ka zagaye shi a littafinka.

Abu biyu ne ke yaudarar mutane anan. Na daya, in sanda daya tak ka gani a can farko, mai yiwuwa ba sanda bace, alamar fitar da furotin din waje ce wadda ake yankewa daga baya, ka tabbatar a SignalP. Na biyu, bakteriya masu launin ja a gwajin Gram suna da tantani na biyu a waje, kuma ramukan da ke can irinsu OmpF da OmpC siffar ganga garesu ba sanduna ba, tsohon TMHMM zai ce maka babu komai alhali akwai. Shi sabon yana gane su.

Adadin kansa yana baka haske. 12 galibi dangin da ake kira MFS ne ko dangin RND, 4 kacal a dan karamin furotin kamar EmrE mai amino asid 110 dangin SMR ne, 6 tare da wani babban bangare mai son ruwa ka fara tunanin ABC. Haske ne kawai fa, ba hukunci ba.

Mataki na uku shine gano dangi, kuma anan nakeso ka nutsu. Akwai rumbu na musamman da aka gina dan wadannan furotin din kadai, sunansa TCDB, dakin binciken Milton Saier ne a San Diyego ta Amurka ke kula dashi. Kowane furotin yana da lamba mai gaba biyar. Lambar farko ita ke fada maka irin aikin: 1 ramuka, 2 masu cin karfin furoton ko sodiyam, 3 masu kona ATP da makamantansu, 4 irin PTS, 9 wadanda ba'a gama gane su ba. A shafin akwai BLAST nasu, manhajar da ke nemo jerin da suka yi kama da naka, ka lika jerinka ka tura. LacY zai fito 2.A.1.5.1. TetA zai fado a karkashin 2.A.1.2. Ka lura duk biyun da 2.A.1 suka fara, wato MFS, gida daya suka fito. Yanzu ka bude jerin biyun ka nemi dan guntun da ke tsakanin sanda ta biyu da ta uku, a LacY zaka ga GLLSDKLGLRK, a TetA kuma GKMSDRFGRR. Kaga G din nan da D da G na biyu da R ko K a karshe, wannan tambarin gidan ne, ya dade sosai bai goge ba saboda in ya lalace furotin din baya iya budewa da rufewa.

To ga abinda yafi komai muhimmanci a rubutun nan gaba daya. Wadannan biyun dangi daya ne, sanduna 12 kowanne, tambari daya, dukkansu furoton suke amfani dashi, amma daya abinci yake shigarwa daya kuma magani yake fitarwa. Kenan sanin dangi yana fada maka tarihi da yadda injin ke juyawa, baya fada maka kayan da ake dauka. Abin yana damuna in na ga dalibi ya samu MFS a BLAST ya rubuta kai tsaye cewa ya gano famfon bijirewa magani, ranar difens kuma malami daya ya tambaye shi hujja ya rasa ta cewa. Gabobi ukun farko na lambar zaka iya dogara dasu in kamannin yayi karfi. Na hudu da na biyar sai kayi taka tsantsan.

Ga yadda ake auna karfin kamanni. Duba E-value a sakamakon BLAST, lambar da ke nuna ko kamannin dace ne kawai, iya kankantarsa iya ingancinsa, abu kamar 1e-50 babu shakka, wanda ya haura 1e-5 ka ajiye shi gefe. Duba Query cover, in kashi 30 na furotin dinka kawai ya dace to wani yanki ne ya dace ba duka ba. Wannan yana yawan faruwa da ABC saboda bangaren da ke kama ATP, mai dauke da tambarin LSGGQ, kusan iri daya ne a dukkansu, mai shigar da maltos da mai fitar da guba duk zasu fito maka a matsayin yan uwa na kusa. In kamannin haruffa ya gaza kashi 25 zuwa 30 cikin dari ka shiga inda ido baya rarrabewa, kuma furotin na tantani sun fi kowa rudi anan dan duk cike suke da L da I da V, sai su yi kama ko da babu dangantaka. A irin wannan ka kara da InterPro, wani shafin mai tantance dangin furotin, kaji ta bakinsa.

Mataki na hudu, duba makwabta. Wannan mutane suna tsallake shi alhali yafi sauran saukin yi. A NCBI, babban rumbun bayanan kwayoyin gado na Amurka, ka nemi kwayar gadon a bangaren Gene, akwai hoton da ke nuna kibiyoyi, kowace kibiya kwayar gado daya, ka karanta sunayen na hagu da na dama. Bakteriya suna jera abubuwan da ke aiki tare a waje daya. lacY tana tsakanin lacZ mai fasa sukarin madara da lacA, ko ba'a fada maka ba ka gane me take shigarwa. A famfon fitar da magani na E. coli mai suna AcrAB-TolC kuma, acrB tana manne da acrA, ga acrR mai tsawatar masu a gefe, tolC ce kawai take can wani waje daban. tetA kuma tana tare da tetR, sannan a Tn10 akwai IS10 a kowane karshe, wato guntun DNA ne mai iya tashi ya sauka a wani wajen. Duk inda kaga transposase ko integrase, masu yanka DNA su dasa shi a wani waje, kusa da furotin dinka, ko kaga an rubuta cewa akan filasmid yake, dan karamin zoben DNA da bakteriya ke mika wa juna, to ka rubuta da babban baki cewa akwai alamar bako ne. Wata alamar kuma yawan G da C, na E. coli wajen kashi 50 zuwa 51 ne, in yankin naka ya kauce da nisa akwai magana.

Mataki na biyar, leka tsohon tarihin da ke cikin furotin din kansa. Wannan bangaren ne nafi so, ikon Allah kawai zaka ringa gani. Yawancin manyan furotin din nan daga kanana suka taso, kwayar gadon ta kwafi kanta sau biyu sai kwafin suka hade suka zama daya. Ka gwada da kanka, sauko da AqpZ na E. coli, ramin ruwa ne mai sanduna 6, ka danna Ctrl da F ka rubuta NPA, sau biyu zai fito, daya a rabin farko daya a rabin biyu, saboda asali rabi daya ne mai sanduna 3 aka ninka. Sanduna 12 na MFS ma 6 da 6 ne, kowace 6 din kuma 3 da 3. Akwai SemiSWEET na bakteriya mai sanduna 3 da sai biyu sun hadu suke daukar sukari, a tsirrai kuma dan uwansa SWEET ya riga ya hade, 3 da 1 da 3, sanduna 7. EmrE ma biyu ne ke haduwa, daya na kallon ciki daya na kallon waje, kai da kafa, wato kamar muna ganin matakin da ke gabanin hadewar ne da idonmu.

Yadda zaka gwada naka: raba jerin gida biyu daidai tsakiyar sandunan, ka je BLAST na furotin a NCBI ka zabi Align two or more sequences, rabi a sama rabi a kasa. In sun dace ka samu hujja. In basu dace ba baya nufin babu, a LacY haruffan sun riga sun yi nisa da juna sosai, sai a siffa ake ganin abin. Sai ka koma shafin UniProt din, akwai hoton siffa da zaka iya juyawa, na LacY tun 2003 aka fitar dashi, wadanda ba'a taba aunawa ba kuma akwai hasashen manhajar AlphaFold. Ka juya shi ka kalle shi ta sama, zaka ga dunkule biyu masu kama da juna da rami a tsakani.

Mataki na shida, bishiyar dangantaka. Anan laftof ta zama dole. Sauke MEGA, manhajar gina bishiyar dangantaka, kyauta ce. Ka koma BLAST na NCBI da jerinka, amma ka cire Escherichia a wajen Organism ta hanyar danna exclude, in ba haka ba sakamako dari na farko duk kwafin abu daya ne. Zabi jeri 15 zuwa 30 daga jinsi daban daban, Salmonella, Klebsiella, Pseudomonas, Vibrio, har da masu nisa irin Bacillus in sun fito, ka kara daya daga wani reshen dangin dan ya zama ma'aunin tushe. Gyara sunayen su zama gajeru tun a Notepad, sunan jinsi da lambar rumbu. A MEGA ka jera su da MUSCLE, ka duba da ido, in wani jeri guntu ne ko cike yake da gibi ka cire shi. Sannan ka gina bishiya. Maximum Likelihood yafi inganci amma yana cin lokaci da batir, in na'urarka bata da karfi Neighbor-Joining ya isa furojet na digirin farko. Sa bootstrap 1000, wato a maimaita ginin sau 1000 dan auna karfin kowane reshe, duk reshen da lambarsa ta gaza 70 kar ka dora wata magana mai nauyi akansa.

Bishiya daya bata cewa komai sai ka sake gina ta biyu da 16S, kwayar gadon da ake auna dangantakar bakteriya da ita, na wadannan bakteriyan dai, ka ajiye su gefe da gefe. In sun yi daidai, furotin din gado ne daga kaka da kakanni. In kaga jinsi biyu da suka yi nisa a bishiyar 16S amma tetA dinsu kusan harafi da harafi ne, to mikawa akayi a tsakaninsu kuma ba da dadewa ba, ta filasmid galibi, abinda ke faruwa a magudanar ruwa da gonar kaji da hanjin dan adam. In bakteriya daya ta fito sau biyu a rassa daban, kwafi biyu gareta, watakila kowanne ya kama nasa aikin. Rashi ma labari ne, masu rayuwa acikin kwayar wani irin Rickettsia sun zubar da mashigai da yawa, amma suna da wanda ke dauko ATP din mai masaukin kai tsaye.

Kar kuma ka rubuta cewa magani ne ya kirkiro famfunan nan. Tetrasaikilin ta shigo asibiti ne bayan yakin duniya na biyu, an gano cewa fitar da ita bakteriya ke yi a 1980 a dakin binciken Stuart Levy, amma dangogin sun girmi asibiti nesa ba kusa ba. AcrB, mai amino asid 1049, yana taimakon E. coli ne ta jure ruwan madaci a hanji. Abinda shan magani barkatai yayi shine ya kashe marasa famfo mai karfi ya bar masu shi suka yadu.

Mataki na bakwai, lab, dan duk abinda ya gabata hasashe ne. Ko PCR ya nuna kwayar gadon tana nan bai nuna tana aiki ba. Gwaji mafi sauki shine ka auna mafi karancin maganin da ke hana bakteriyar girma, wato MIC, sau biyu, daya da magani kadai daya kuma ka kara abinda ke tsayar da famfo, CCCP ko PAβN. In MIC din ya sauka ninki 4 ko fiye ana daukarsa alamar famfo na da hannu. Dole ka ajiye kwalba ta uku mai CCCP kadai babu magani, dan in shi kansa yana kashe ta to sakamakonka ya tashi a banza, sai ka rage shi. Ka tuna kuma CCCP karfin furoton yake rushewa, MFS da RND yafi shafa. Akwai kuma hanyar faranti da ake zuba ethidium bromide a matakai daban daban, a shata bakteriyan daga tsakiya zuwa baki, a kwana, a duba karkashin fitilar UV, mai famfo mai karfi baya haske sai an kara sinadarin da yawa. Dan Allah wannan sinadarin yana taba DNA, safar hannu da tabarau dole ne, kuma kar ka zuba a sinki, ka tambayi oga na lab inda ake tara shi.

Wajen rubutawa ka raba harshenka biyu, abinda kwamfuta ta baka kace ana hasashen, abinda ka auna da hannunka kace an samu. Kowane jeri ka rubuta lambarsa ta rumbu da ranar da ka sauke shi, rumbunan nan ana sabunta su.

Wadanda aikinsu akan zazzabin cizon sauro yake, matakan nan duka suna maku aiki. Naku furotin din PfCRT ne na Plasmodium falciparum, amino asid 424, sanduna 10, yana zaune a tantanin jakar da kwayar ke narka jini, an gano shi a 2000, kuma shine babban dalilin da yasa kulorokwin ta daina aiki har Najeriya ta koma ACT, hadin magani mai atemisinin, a 2005. Ku shiga PlasmoDB ko UniProt ku sauko da na nau'in kwayar 3D7 mai jin magani da na nau'in Dd2 marar ji, ku jera su a MEGA ku gangara gurbi na 72 zuwa 76. Na farko zai nuna CVMNK, na biyu CVIET. K din nan na gurbi 76 da ya koma T shi ke cire cajin da ke tare hanya, sai kulorokwin ta samu ta fice daga jakar kafin tayi aikinta, kuma shine gurbin da zaku fara dubawa a duk samfurin jinin da kuka aika aka karanto maku DNA dinsa.